Murhun Gas da Muciyar Gwaggo

Shekarar da kuɗin ƙarin albashin Udoji suka faɗo wa ma'aikata, babu gidan mai albashi a Fagge da bai yi sabon kaya ba. Wani ya shigo da firji, wani fanka, wani ya sayi basfa tun bai koyi hawa ba, ya turo ta tun daga Bata har ƙofar gida yana gumi yana washe baki. Malam Sabo, akawu a ofishin gwamnati, shi murhun gas ya ga dama. Fari sol, mai kai huɗu, tsayinsa ya kai ƙugun mutum. Ranar da aka kawo shi ya sa aka kwashe duwatsun murhun da ke madafi, aka share toka, aka daɓe ƙasa da siminti, aka yi wa bango farar ƙasa. Sannan ya riƙe ƙugu ya ce daga yau gidansa ya yi sallama da hayaƙi.

Matarsa Huseina, wadda ke koyar da 'yan aji huɗu a firamaren unguwar, ta ma fi shi murna. Da can sai ta durƙusa tana hura wuta, ido na hawaye, ta isa makaranta tana warin itace. Yanzu ashana ɗaya ta gama magana. Shayi ya tafasa kafin ta ɗaura ɗankwali, gindin tukunya kuma ya daina baƙi. Shinkafa ta yi kyau a kan murhun nan, wake ya yi kyau, miya kuwa ba a magana.

Tuwo ne kaɗai ya ce bai san zancen ba.

Duk wadda ta taɓa riƙe muciya ta san tuƙin tuwon dawa ba aikin hannu ɗaya ba ne. A murhun dutse, tukunya a zaune take daram, mace ta zauna kan kujera 'yar tsugune, ta sa hannu biyu da ƙarfin kafaɗa. Murhun Malam Sabo kuwa a tsaye ake masa aiki, kamar mai rubutu a allo. Huseina za ta yi talge lafiya lau, ya dahu, ta fara barbaɗa gari. Tana danna muciya sai tukunya ta zame ta nufi gefe. Dole hannu ɗaya ya riƙe kunnen tukunya, ɗaya ya yi ta fama. Kullum aka kwashe sai gudaji, manya da ƙanana, ka fasa ka ga ɗanyen gari a ciki.

Malam Sabo bai damu ba. Mutumin da ya sayi murhu da kuɗinsa ba zai ga laifin abin da ya fito daga kansa ba. Yana haɗiyewa yana yabon zamani. Mai damuwar tana ɗakin da ke kallon madafi.

Gwaggo Ummakulsum ƙanwar mahaifin Malam Sabo ce, ita ta raine shi tun daga yaye. Da mijinta ya rasu a Ringim, shekara biyu da suka wuce, ya je ya ɗauko ta. Tun zuwanta aikin yamma ya rabu biyu ba tare da an yi shawara ba: Huseina na miya, Gwaggo na tuƙi, suna hira har a kira magariba. Huseina ta tashi ba uwa, saboda haka hirar nan ta fi mata komai daɗi a gidan, tana kuma son tsohuwar har cikin ranta. Amma ranar da murhun gas ya shigo, Malam Sabo ya ce, "Gwaggo, ke dai kin huta. Kada ki ƙara wahalar da kanki." Ita ma Gwaggo da ta ji abin yana huci kafin ya kama, sai ta ja da baya ta ce ba da ita ba. Daga ranar ba ta ƙara taka madafin ba.

Ba ta taɓa cewa tuwon bai yi ba. Abin da take yi ya fi faɗa ciwo. Sai ta gutsura, ta lalubo gudaji da yatsa, ta ajiye a bakin kwano, ta sake lalubo wani ta jera kusa da shi. Kafin ta wanke hannu sun yi sahu kamar 'yan makaranta a filin taro. Huseina ta zo ɗaukar kwano ta gan su, Gwaggo ta ce, "Sannu da aiki, Malama. Allah ya yi albarka."

Babu dabarar da Huseina ba ta gwada ba. Ta tankaɗe gari sau biyu. Ta rage wuta. Ta riƙa zuba garin kaɗan-kaɗan kamar mai ba jinjiri magani. Da ta gaji sai ta koma shinkafa da taliya kwana huɗu a jere. Wata maƙwabciya ta leƙo a rana ta huɗu ta tambayi Gwaggo ko ta ci abinci, Gwaggo ta ce, "To, an dai taɓa wani abu." A wurin mutanen Gwaggo, wanda bai ci tuwo ba da yunwa ya kwana, ko da rago aka yanka masa.

Ranar Laraba da yamma Gwaggo ta ce wa Malam Sabo ranar Asabar za ta je Ringim ganin gida. Ya ce to, zai kai ta tasha. Shi ya ɗauka kwana biyu ne. Huseina ce ta shiga ɗakin da shara washegari ta ga ƙunshin kaya. Har da buta, har da bargon sanyi alhali ana tsakiyar zafi. Daga gefen ƙunshin kuma ga kan muciyar Gwaggo ya leƙo, tsohuwar muciyar da ta zo da ita daga Ringim, wadda hannu ya goge har tana sheƙi. Mai zuwa ganin gida ba ya tafiya da muciya. Can Ringim ɗaki ne kawai ya rage wa tsohuwar, ba ɗa ba jika. Nan kuma gobe za a ce matar boko ta kori uwar miji da yunwa. Ba maganar mutane ce ta fi damunta ba. Ba ta son Gwaggo ta tafi, shi ke nan.

Ranar Juma'a aka tashi makaranta da wuri. Huseina ta yafa gyale ta nufi kasuwar Sabon Gari, da niyyar sayo tukunya mai nauyin da ba za ta zame ba. Rumfar Silifat ta dosa, matar Alhaji Raji, mai sayar da tukwane da kwanukan sha. Iyayen Silifat mutanen Ogbomosho ne, amma ita a Kano aka yanke mata cibiya, Hausarta kuwa ta fi ta wasu 'yan cikin gari kaifi. Ɗanta Ganiyu ya yi aji huɗu a hannun Huseina, tun lokacin suka saba.

"Iya Ganiyu, tukunya nake so, wadda mutum biyu za su ɗaga."

"Malama, biki za ki yi ba ki gaya mini ba? Zauna tukuna. Kin zo a kan gaɓa, ruwana ya tafasa. Alhaji na dawowa daga masallaci zai nemi amala, tuwonmu na garin doya."

A bayan rumfar Silifat ta kafa ɗan risho, tukunya na tafasa a kai. Huseina ta zauna a kan benci tana zayyana mata damuwarta, gudaji da ƙunshin kaya da komai. Silifat na ji tana gyaɗa kai, hannunta bai tsaya ba. Ta shimfiɗa tsohon buhu a ƙasa. Ta sa tsumma ta sauke tukunyar daga kan risho, ta dire ta a kan buhun. Ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna, ta naɗe gindin tukunyar da tsumman, ta sa tafin ƙafafunta biyu ta matse ta gam. Sannan ta zuba garin doya, ta kama muciya da hannu biyu, ta shiga tuƙi tana jawowa jikinta. Tukunya ko motsi.

Huseina ta katse zancenta ta nuna tukunyar.

"Iya Ganiyu, sauke ta kika yi?"

"To da fa? In tuƙa a kan rishon nan ya kife mini a ƙafa?" Silifat ta yi dariya har da buga cinya. "Wa ya ce miki dole sai a kan wuta ake tuƙi? Talgenki ya dahu, zafinsa ya isa. Ki sauke ƙasa, ki riƙe da ƙafa, ki tuƙe abinki son ranki. In kin gama ki yayyafa ruwa kaɗan, ki rufe, ki mayar kan wuta ya sulala. Mu haka muka ga iyayenmu na yi. Ke da kike koya wa yara lissafi!"

"Wallahi ko a mafarki ban kawo wannan ba."

"Ai boko a tsaye ake yin sa, shi ya sa. Tuwo kuwa sai an zauna."

Huseina ba ta sayi tukunya ba. Silifat ma ta ce ta bar kuɗinta, wadda ke gida ta isa. Kujera 'yar tsugune kawai ta tsaya ta saya a wurin masassaƙa, don tasu ta dā Malam Sabo ya bayar tare da duwatsun murhu. Ta rungumo ta a tasi har Fagge, direba na ta kallonta ta madubi.

Bayan la'asar ta ɗora ruwa. Ta yi talge, ta ɗiga ruwan kanwa, ta bar shi ya dahu sosai. Sannan ta shimfiɗa buhu a bakin ƙofar madafi, inda iska ke shigowa, ta sauke tukunya, ta zauna ta matse ta da ƙafa yadda ta gani. Ta zuba gari ta danna muciya. Tukunya ta tsaya cak. Daɗi ya kama ta har ta kusa yin guɗa, don tun juyi na uku ta san wannan tuwon zai yi laushi.

Sai ta ɗaga kai. Gwaggo na zaune a ƙofar ɗakinta da carbi, amma carbin ya tsaya. Idonta na kan tukunya. Hannunta na dama kuwa, a kan gwiwa, yana juyawa a hankali, yana bin muciyar Huseina, ita kanta ba ta sani ba.

Nan Huseina ta gane abin da ta kasa ganewa wata biyu. Ita tana ta yaƙi da gudaji, ashe ba gudaji ne ya ɗaure kayan Gwaggo ba. Kunya ta kama ta, da tausayi. Ta sassauta ƙafa ɗaya da gangan, tukunya ta juya, muciya ta ƙwace, gari ya watse a buhu.

"Wash! Gwaggo, abin nan ya fi ƙarfina."

"Ke, ba haka ake riƙewa ba! Matse da dunduniya. Kai, za ki ɓata garin mutane." Gwaggo ta miƙe tana gyara zani. Ta iso bakin madafin ta tsaya, ta harari murhun gas. "Wancan abin a kashe yake?"

"A kashe yake, Gwaggo. Ni zan riƙa kunnawa ina saukewa. Ba ruwanki da shi."

"Tashi ki ba ni wuri." Ta karɓi muciyar Huseina, ta jinjina ta, ta taɓe baki. "Wannan ai tsinken tsire ne. Shiga ɗaki, cikin ƙunshin nan, ki zaro mini tawa."

Sai da Huseina ta kwance ƙunshin gaba ɗaya kafin muciyar ta fito. Ba ta sake ɗaure shi ba, Gwaggo kuma ba ta ce a ɗaure ba.

Tsohuwa ta zauna, ta yi bisimilla, ta matse tukunya kamar tun haihuwarta haka take yi. Tana tuƙi tana faɗa: garin ya yi laushi da yawa, injin niƙan unguwar nan ba ya tsoron Allah, kanwar ma ba ta kirki ba ce. Huseina na kaɗa miyar kuka a tsaye tana cewa "Haka ne, Gwaggo," tana murmushin da ba ta iya ɓoyewa. Rabon da a yi surutu haka a madafin nan tun ranar da aka kwashe duwatsu. Huseina ta ba ta labarin Silifat da rishonta, Gwaggo ta ce, "Ashe Yarabawan nan da hankali. Ki gaishe ta."

Malam Sabo ya dawo daga sallar magariba ya tarar da malmala a kwano, sumul. Ya kai loma, ya lumshe ido, ya ce, "Kun gani ko? Na gaya muku murhun nan sai an saba da shi." Matan biyu suka dubi juna. Da ya tambayi ƙarfe nawa za su fita tasha gobe, Gwaggo ta ce, "Wace tasha? Gobe dawa za a wanke. In ka fita ka sayo kanwa ungurnu, wannan taku ta ɓata mini tuwo."

Huseina ta ɗauki nata kwanon ta zauna kusa da Gwaggo a tabarma, abin da ba ta saba yi ba. A loma ta uku harshenta ya ci karo da wani abu ɗan ƙarami mai tauri. Gudaji ne. Hannun Gwaggo ba kamar dā ba ne, shekaru sun fara karɓar rabonsu. Tsohuwar na kallonta ta gefen ido, tana jira.

Huseina ta haɗiye shi, ta sake gutsuro wata lomar.

"Gwaggo, rabona da tuwo irin wannan har na manta."

"Ci ki ƙoshi," in ji Gwaggo, ta tura mata kwanon miya. "Gobe ki sauke mini da wuri."