Batirin da Aka Gano a Ƙasa

Maigidana gyaran agogo yake yi, shagonsa kuma shi ne ɗakin gaba na gidanmu. Ina cikin wanki da rana na ji ya ƙwala mini kira da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Maman Auta! Batirin da na ciro yanzu na ajiye a nan, ban gan shi ba!"

Auta, 'yarmu da ko yaye ba a yi mata ba, tana zaune ƙarƙashin teburinsa, yawu na dalala a haɓarta. Yarinya ce da duk abin da hannunta ya kai, baki ne masauƙinsa. Na buɗe bakin, ba komai.

Na ɗauko waya, na tambayi intanet abin da ke faruwa in yaro ya haɗiyi batirin agogo. Wani shafi ya ce yawanci yakan fita da bayan gida. Na ƙasansa ya ce idan ya maƙale a maƙogwaro yana ƙona nama, yaro na ta wasansa ba alamar komai. Na yi ta sauya tambayar ko wayar za ta tsaya a kan amsar farko. Ta ƙi.

Surukata ta leƙo ta ce, "Ke dai kin faye tsoro. Ubanta ma ya haɗiyi maɓalli yana ƙarami, ga shi nan ƙato."

"Inna, wannan fa ba maɓalli ba ne."

Gogan naku kuwa yana ta rarrafe a ƙasa, gilashin aiki maƙale a ido. "Ku bari in duba tukuna. In na gan shi ai magana ta ƙare."

Can sai ya ɗago. "Ga shi! Alhamdu lillahi!"

Na zube a kujera ina hamdala, Inna na yi mini dariya. Da numfashina ya dawo, na ɗauki tsintsiya na zura ƙarƙashin kabad don kada a kuma. Sai ga wani batiri ya gangaro. Sai wani. Na sake zurawa, wasu suka biyo baya da ƙura a jikinsu. Shekara da shekaru matattun batura na faɗuwa a ɗakin nan, ba mai bi ta kansu.

"Baban Auta, wanne ne na yau?"

Ya jujjuya su a tafin hannunsa. Duk iri ɗaya.

Ko takalmi ban tsaya nema ba, na sungumi Auta.

A asibiti likita ta ɗaga hoton ƙirjinta. Ga abin nan fari, zagayayye, daidai ƙasan wuya. Kafin in yi tambaya an karɓe ta daga hannuna an yi ciki da gudu.

An ciro shi, Auta ta warke. Amma har yau in na tuna zaman da na yi a kujerar nan ina hamdala, batiri na cin maƙogwaron 'yata, sai in jawo ta in rungume.