Duwatsun Auta Arba'in da Biyu

Shekara ashirin da shida ina yankan dutse da tayil, ban taɓa ganin wanda ya ajiye dutse a ƙarƙashin gado ba sai Auta, 'yata ta ƙarshe. Guda arba'in da biyu ne, kowanne a ledarsa, kowanne da lamba da 'yar kibiya da aka zana masa da jan fenti. Daga inda ake fasa tsauni don sabon titi ta kwaso su, wata biyu tana zuwa tana dawowa da ƙafa a kumbure. Su ne aikinta na ƙarshe a jami'a. In ta gama da su ta fita, in ba ta gama ba ta sake shekara.

Wani yammaci na tambaye ta abin da take nema a cikinsu.

"Baba, ƙasar nan da muke kai baƙuwa ce," in ji ta. "Can da, wani yanki ne shi kaɗai a tsakiyar teku. Ya yi ta matsowa kaɗan-kaɗan har ya daki wata ƙasa ya manne, lokacin da nahiyoyi duka ke haɗuwa wuri guda. Tsaunin nan shi ne ɗinkin. Ni so nake in san daga ina ya taso."

"Dutsen ne zai gaya miki?"

"Shi ne."

Mamanta tana shara ta ce, "To ki tambaye shi ko ya ga murfin tukunyata a hanya."

Saura mako huɗu ta miƙa aiki, injin yanka na sashensu ya lalace. Ta ce injin awo ba ya karɓar dutse sai an yanko shi ɗan ƙarami, inci ɗaya ta kowane gefe, kuma daga lafiyayyen ciki, ban da ruɓaɓɓen ɓawo. Ta daina cin abinci sosai. Ran Juma'a ta hau mota zuwa wata jami'a, ta roƙi a ba ta aron nasu injin.

Na kwana biyu ina kallon yarinyar nan tana ramewa, ga ni da injin yanka a ɗaki. Ban yi karatu mai nisa ba, amma inci ɗaya ba wanda zai koya mini. Asabar da safe na ja wayar wuta zuwa tsakar gida, na sa wa injin sabon faifan yanka, na ajiye bokitin ruwa.

A wurin aikinmu, in ka ga kibiya a kan dutse, ma'anarta ɗaya ce: fara yanka daga nan. Haka na yi. Na bi kowace kibiya na sare ɓawon, na fitar da ɗan dutse mai kusurwa daidai, na auna shi, na rubuta masa lambarsa da alƙalami mara gogewa. Ko lamba ɗaya ban rikita ba. Ragowar ɓaraguzan na zuba a baro na kai ginin da nake aiki, aka kwaɓa su cikin kankaren daɓe. Na jera arba'in da biyun a kan tire, na rufe da tawul.

Lahadi da azahar ta dawo. Mutanen waccan jami'ar sun amince, in ji ta, ta kawo duwatsun ran Talata.

"Ba sai kin wahala ba," na ce, na yaye tawul ɗin.

Ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta sake juyawa. Ta ɗauki na biyu.

"Baba, ina kibiyar?"

"Ai daga nan na fara yanka."

"Ɓawon fa? In yana nan zan iya mayar da su."

Na gaya mata inda yake. Ta zauna a kan bokitin da na kife.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta yi mini bayani kamar mai karanta wa mara lafiya takardar likita. Lokacin da dutsen ya fito a narke daga cikin ƙasa ya huce, ƙwayoyin ƙarfen da ke cikinsa sun daskare suna kallon arewa ta wancan zamani. Injin yana karanta inda suke kallo. Kibiyar kuwa tana nuna yadda dutsen yake kwance a jikin tsauni ranar da ta ɓallo shi. In an haɗa biyun, sai a san inda ƙasar take a da. In babu kibiya, injin zai ba da amsa, amma ba wanda ya san ta wane gefe za a riƙe ta.

"Malam, ba ka tambaya ba?" in ji mamanta.

"Ina zan same ta in tambaya?"

"Waya fa? Ta kallon ƙwallo ce kawai?"

"Mama, ki bar shi," in ji Auta.

Litinin na ɗauke ta a babur muka tafi tsaunin, da guduma da kurfin ɓallar dutse a buhu. Na ce ko kwana goma ne zan yi ina ɓallo mata wasu. Muka tarar an gama fasa wurin. Gefen da ta yi aiki an lulluɓe shi da ragar ƙarfe an fesa masa kankare, tun daga ƙasa har sama, tsawon fiye da kilomita. Mai gadi ya ce in na taɓa shi da guduma zai kira 'yan sanda.

"Wani gefen fa?" na tambaye ta.

"Wancan dutsen ɗaya ƙasar ne, wadda tamu ta zo ta daka, Baba. Nawa a nan kaɗai ya leƙo waje."

Ran Laraba na sa riga mai kyau na bi ta wurin malaminta. Ofis ne ƙarami, duwatsu har kan kujeru. Na ce masa laifina ne, kada a ɗora wa yarinya. Ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda na yanka ya sa ma'auni, ya daɗe yana dubawa.

"Wa ya yanka wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Mai yi mana yanka bai taɓa fitar da kusurwa haka ba." Ya ajiye shi. "Amma ba abin da zan iya yi da su. Sai ta ɗauki wani aikin, a wani wurin. Baɗi."

"Ba za a iya cewa ko kusa-kusa ba? Ta gabas ko ta kudu?"

"In ta rubuta abin da ba ta auna ba, ni zan fara kayar da ita."

Auta ta sa hannu a takardar sake shekara a tsaye. A bakin ƙofar jami'a na ce ta hau in kai ta gida. Ta ce in tafi, ƙawayenta suna gwajin rigar bikin kammalawa, ta yi alkawarin riƙe musu jaka.