Gashin Aro na Nebahat

Muharrem na tsaye a ƙofar wata jami'a a Ankara, rungume da gwangwanin cukun da ya ɗauko tun daga garinsu Erzincan, sai ga wata mata mai jan gashi, yana ƙyalli kamar na 'yar tsana, ta nufo shi. Ya kau da kai.

"Baiwar Allah, 'yata nake nema, Nebahat, mai auna girgizar ƙasa. Yau za a yi mata tambayoyin zama dakta."

"Baba, ni ce."

Saura kaɗan cukun ya suɓuce masa. Ta bayan kunnenta, bakin farin ɗankwali na leƙowa.

"Wace gawa kika yi wa aski?"

"Rage murya, Baba. Ba a shiga da ɗankwali. Sai in ɗaura, in kifa wannan a kai."

Mai gadi ya matso, ya sa bironsa ya ɗaga gashin.

"Malama, tsummanki ya fito. Tura shi ciki, ko ki koma gida ki auna girgizar tukunya."

Muharrem fa! Mutumin da ƙasa ta haɗiye sau biyu ta kasa taunawa, wanda ya tono yarinyar nan daga ƙarƙashin bango da farcensa ranar girgizar ƙasa. Bai san baƙi ba, amma tunda yake ba a taɓa yi masa tsawa ya yi shiru ba. Ya dunƙule hannu.

Ta riƙe masa riga. "Kalma ɗaya, Baba, shekara shida ta tashi a banza."

Ya haɗiye fushinsa. Yana kallo ta cusa ɗankwalin da yatsa, ta shige.

* * *

Ta ci jarrabawar. Aiki kuwa suka hana ta, wai mai ɓoye abu a kanta za ta ɓoye a ɗakin bincike.

Ko kafin ya koma gida, labari ya riga shi shagon shayi.

"Ga uban dakta!" in ji Shevket mai aski, yana juya sukari. "An ce ta yar da lulluɓi ta rina gashi. Ilimi ya yi rana!"

"Ɗankwalinta na kanta, ɗan banza! Yana ƙarƙashi!"

"To Allah ya ƙara ɓoye shi," wani ya ce. Aka bushe da dariya.

Can sun ce ta cika addini, nan sun ce ta sayar da shi. Ba wanda ya tambayi abin da ta gano game da ƙasar da ke ƙarƙashin kujerunsu. Muharrem ya ture kofinsa ya fita, hoton bikin kammala karatunta da ya zo nunawa yana aljihu.

A kan benci, bayan masallaci, ya fiddo shi. Ya daɗe yana kallon baƙuwar matar. Sannan ya ɗora babban yatsa ya rufe jan gashin.

"Yauwa," ya ce a hankali. "Ga ki nan."