Duwatsun da Aka Binne a Dakali

Kafinta ya dawo gida cin abincin rana, ya tarar da sabon dakali a ƙofar gida, siminti bai gama shan iska ba. Yayansa, wanda suka gaji gidan tare, yana kan kujerar roba yana kallon aikin kamar wanda ya gina bene. Birkila na gefe yana wanke kayan aikinsa a bokiti.

"Ka ga mun huta da taɓon nan," in ji Yaya. "Bi ta gefe, kada ka taka."

Kafinta ya raɓa ya shiga. A bakin ɗakin ajiya ya ci karo da akwatuna shida da ya ƙera da hannunsa, an jingine su a bango, babu komai a ciki. A cikinsu duwatsun 'yarsa suke.

'Yarsa ta fari tana koyarwa a jami'a, sashen ilmin duwatsu, tana neman digirin dakta. Shekara uku ta yi tana zarya zuwa wani tsauni, tana bin tsagar dutse da awo, don ta nuna yadda dutsen ya lanƙwashe ya tsage har tagulla ta samu hanya ta taru. Shi a aji shida na firamare ya tsaya, rabin bayanin ma bai gane ba. Amma abu ɗaya ta nanata masa har ya zauna: kafin ta ɓalle kowane dutse sai ta zana masa lamba da kibiyar jan fenti mai nuna arewa. In kibiyar ta goge, ba mai sanin yadda yake kwance a tsaunin, ya zama dutsen banza. Komawa kuma babu, don kamfanin haƙar ma'adinai ya riga ya fasa gefen tsaunin da nakiya. Rufin ma'ajiyar sashensu ne ke yoyo, shi ya sa ta kawo duwatsun gida. Ranar Litinin za a kai su a yanka a duba a na'ura, kuma wata huɗu suka rage mata kafin wa'adinta ya ƙare.

Ya fito da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Yaya, ina duwatsun yarinyar nan?"

"Ga su nan kana kallo. Birkila ya ce a nemo abin ciko, na ce ai muna da tsauni guda a ɗaki."

"Ka tambaye ta? Ka tambaye ni?"

"A gidan ubana zan nemi izinin dutse? Wata biyu ina tuntuɓe da su. In ta dawo a cika mata buhu a bakin hanya, ko tirela take so."

Shekara hamsin da 'yan kai kafinta bai taɓa ɗaga wa Yaya murya ba. Ko kwaɗo ya ƙi sa wa ɗakin ajiyar don kada Yaya ya ce an mai da shi ɓarawo. Wannan ne ya fi ci masa rai yanzu. Ya koma ciki, ya fito da diga.

"Kai, kana da hankali kuwa?" Yaya ya miƙe, kujera ta kife.

"Matsa, Yaya."

"Ni kake ce wa matsa? Ni da na goya ka?"

"Wallahi ko kai ka haife ni sai na fasa shi. Matsa!"

Ya kafta wa dakalin diga. Birkila ya dafe kai. "Maigida, tun safe fa nake wannan aikin!"

"Ita shekara uku ta yi. Kawo ruwa ko ka ba ni wuri."

Maƙwabta sun fara leƙe sa'ad da 'yar ta sauka daga mota, da jakar takardun jarrabawa a kafaɗa. Ta dubi ubanta cikin siminti har gwiwa, ta dubi jan fenti a jikin wani dutse da ya tono. Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye jakar a ƙasa.

"Baba, ajiye digar, za ka ƙara farfasa su. Da hannu. Kuma kada kowa ya goga, a zuba ruwa kawai."

"To, Uwar Duwatsu ta iso," in ji Yaya. "Faɗa wa ubanki ya haukace a kan tsakuwa."

"Baba babba, da takardar gidan nan aka cusa a siminti, za ka ce takarda ce kawai?"

Yaya ya shige gida yana faɗa shi kaɗai.

Suka duƙufa su uku, har da birkilan da kunya ta kama. Siminti ya ci yatsun kafinta har suka fara jini, bai ko duba ba. Duk dutsen da aka ɗauraye sai ta karanta lambar ta duba littafinta. Cikin tamanin da huɗu, hamsin ne suka fito da kibiyarsu. Amma hankalinta na kan guda bakwai da ta ɗebo daga tsagar da tagullar take, don a kansu aikin ya tsaya. Huɗu kawai aka samu. Ta kira farfesanta, ta saurara, ta kashe waya.

"Ya ce ƙasa da biyar masu jarrabawa ba za su karɓa ba."

Kafinta ya juya kan birkila. "Ina sauran?"

Birkila ya sosa ƙeya. "Manyan sun ƙi zama, sai na ɗan taɓa su da guduma."

"Ka ɗan taɓa su!"

Da ƙyar ta riƙe hannun uban. Ya fizge, ya durƙusa gaban ɓaraguzan yana huci. Ya shiga ware su kamar yadda yake ware katako, yana duban launi da yadda zanen jikinsu ya tafi. Ya gwada wannan da wancan, ya ajiye. Can wani guntu mai wutsiyar kibiya ya zauna daram a jikin wani mai kanta. Lambar ta rabu biyu, amma tana karantuwa: goma sha tara.

Ta daɗe tana jujjuya shi. "Wannan na tsagar ne. In aka manne shi da gam zai yanku." Sai a lokacin hawaye suka zubo mata.

Kafinta ya ɗauko akwatunan, suka jera duwatsun, ya tare mota ya ce a kai shagonsa. Suna cikin lodi Yaya ya fito, ya tsaya a bakin ramin da ya maye gurbin dakali.

"Yanzu wa zai gyara wannan ɓarnar? Ta ina mutum zai fita?"

Kafinta ya ɗora akwati na ƙarshe, bai waiwayo ba.

"Ka tsallaka, Yaya."