Hannun Tauno a Kan Gwiwata

Ranar da na jefa mota a rami ko ƙwarzane ban yi ba. Wata barewa ce ta fito daga cikin itatuwa ta tsaya a tsakiyar hanya tana kallona, na taka birki, mota ta ƙi tsayawa, sai na tsinci kaina a cikin dusar ƙanƙara har ƙofa. Maƙwabcina Heikkinen ya zo da tarakta ya jawo ni. Na ce masa, "Don Allah ka rufa mini asiri." Ya ce to. Ina! Kafin in tafasa kofi labari ya isa birnin Oulu wurin 'yata Outi.

Ranar Asabar sai ga ta, ko rigar sanyi ba ta cire ba ta shimfiɗa mini hotunan wani gida a kan tebur. Hawa na uku, akwai lif, kanti a ƙasa, asibiti a tsallaken titi.

"Mama, ba ni makullin."

"Wane makullin? Na sito?"

"Kin san wanda nake nufi."

"Ke Outi, shiga hankalinki. Ina tuƙi a kan ƙanƙara tun kina cikina."

"Shi ya sa. Shekara saba'in da biyu, Mama, ke kaɗai a daji. Da Heikkinen ba ya gida fa? Sai dai a tono ki da bazara."

Maganar ta ƙona mini rai, don gaskiya ce. Daga gidana zuwa kanti kilomita ashirin da uku ne, motar haya kuwa ta daina biyowa ta nan tun da aka rufe makarantar ƙauyenmu. Duk wanda ya karɓe mini mota ya karɓe mini gida. Gidan nan kuma mijina Tauno ne ya gina shi da hannunsa a bakin tafki, a cikinsa ya cika shekara shida da suka wuce, ni ma a cikinsa nake so in cika.

Muka yi ta sa-in-sa har kofi ya huce. A ƙarshe muka tsaya a kan magana ɗaya. Akwai kwas na yini guda da Jouko Moilanen yake yi duk watan Fabrairu a kan tafkin da ke bayan coci, lokacin da ruwansa ya daskare ya zama ƙanƙarar da ke ɗaukar mota, inda ake koya wa masu lasin yadda za su riƙe mota a kan santsi. Zan je. In Jouko ya ce na iya, Outi ta kwashe hotunanta. In ya ce a'a, in miƙa makulli, in tattara kayana kafin bikin Ista.

Na amince da sauri, har ina dariya a raina. Jouko fa! Shekara talatin ina dafa abinci a makarantar ƙauye, na san shi tun yana ɓoye kifi a aljihun wando don kada a tilasta masa ci. Wai shi ne zai gwada ni.

Tauno ne ya koya mini mota, a hunturun 1975. Direban motar katako ne, sai ya yi mako biyu bai kwana a gida ba, ga ni da ciki wata biyar. Ya ce ba zai bar ni a daji babu hanyar fita ba. Duk Lahadi bayan an tashi daga coci sai ya gangara da tsohuwar motarmu Lada kan daskararren tafki, ya zagayo ya zauna a gefena, ya ɗora hannunsa a kan gwiwata ta dama. Tauno ba mai magana ba ne, in ya yi kalma goma a yini to ranar an yi hira. Da yatsu biyu ya koya mini. In na ɗauki gudu ya ce "birki", sai ya fara ƙwanƙwasa gwiwata: taka, saki, taka, saki. Motocin wancan zamani in ka danne birki gaba ɗaya tayoyi sun kulle ke nan, mota ta zama kwale-kwale, ta tafi inda ta ga dama. In na yi daidai ba ya yabo. Sai dai ya buɗe filas ya zuba mini kofi, ya yanko burodi da wuƙarsa, mu zauna muna kallon masu kamun kifi sun duƙa a kan ramukan da suka huda a ƙanƙara.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, tun da ya rasu, duk lokacin da na taka birki a kan santsi sai in ji yatsun nan biyu a gwiwata. Ban cika ganinsa a mafarki ba, muryarsa ma ta fara ɓace mini. Wannan kaɗai ya rage.

Ranar kwas ta faɗo Alhamis. Outi ta ɗauki hutu ta zo, wai rakiya, ni kuwa na san shaida ta zo yi. Mu takwas ne: ma'aikatan jinya biyu masu zaga gidajen tsofaffi, wani mai tasi, da sauran da ban riƙe ba. An share fili a kan tafkin, an jera robobi masu launin lemo, can gaba kuma an kafa wata barewa ta soso mai ido ɗaya.

Jouko ya yi furfura, ya yi tumbi. Yana ganina ya cire hula.

"Goggo Raili! Yau kuma ni ne da ludayi."

"Ka dai wanke aljihunka?"

Ya ƙyalƙyale da dariya, sannan ya tara mu a bukka ya yi bayani. Motocin yanzu, in ji shi, suna da na'urar da ke hana tayoyi kullewa. Ita ce take yin taka-sakin da kanta, sau da yawa cikin ƙiftawar ido, fiye da yadda ƙafar ɗan Adam za ta iya. Aikin direba ɗaya ne: ya danne birki da kuloci iya ƙarfinsa, ya riƙe, ya murɗa sitiyari ya kauce. "Za ku ji birkin yana kaɗawa a ƙarƙashin ƙafarku, yana gurnani. Bai lalace ba. Kada ku ɗaga."

Na gyaɗa kai tare da kowa. Motar nan Outi ce ta matsa na saya shekara biyu da suka wuce, da tsohuwar ta ruɓe, kuma ban taɓa danne birkinta har ƙasa ba.

Aka sa wa kowa oba-oba a mota. Ka ɗauki gudun hamsin, in ka kai robar farko ka yi birki, ka kauce wa barewa. Da layi ya zo kaina na gyara zama, na ɗauki gudu, na kai roba. Yatsun suka sauka a gwiwata. Taka, saki, taka, saki. Barewa ta yi sama ta faɗo a bayana.

"Goggo," in ji muryar Jouko a oba-oba, "barewar nan tana da iyali fa."

"Yi mini shiru. Rana ce ta haske mini ido."

Na sake. Wannan karon na danna da ɗan ƙarfi, birkin ya yi wani gurnani ya harbi tafin ƙafata, na yi maza na ɗauke ƙafa. Barewa ta sake tashi. Na uku ma haka. Mai tasin nan har da tafi, mara kunya. Ta madubi ina hango Outi a tsaye bakin bukka ta harɗe hannu, ba ta dariya. Na so a ce dariyar take yi.

Da rana aka ba mu miyar wake da fanke, abincin da aka saba ci ranar Alhamis a ƙasarmu. Ruwa ya yi wa miyar yawa, na kuma faɗa. Jouko ya ɗauko kwanonsa ya zauna kusa da ni, ya rage murya.

"Kawu Tauno ne ya koya miki, ko?"

"Shi ne. Akwai laifi?"

"Babu. Ƙafar nan taki, da a Lada kike, da ni ne zan zo ki koya mini. Amma Goggo, motar nan duk lokacin da kika ɗaga ƙafa kin ƙwace mata aikinta ne. Kin wuce barewa da tsawon mota huɗu. Da yaro ne a kan hanya..." Ya juya cokali a kwano. "Ba zan yi wa Outi ƙarya ba. Kin ciyar da ni shekara shida, amma ba zan iya ba. Saura zagaye ɗaya kafin haske ya tafi."

Na ture kwano na fita na shiga mota na rufe ƙofa. Haushi nake ji, na Jouko, na Outi, na wanda ya ƙera motar. Daga baya haushin ya sauka ya bar ni da abin da ke ƙarƙashinsa. Na fahimci bayanin sarai, ni ba sakara ba ce. Tsoro nake ji. In na danne na riƙe, yatsun nan ba su da abin da za su ƙwanƙwasa, kuma in suka tafi ban ga abin da zai dawo da su ba.

Aka buɗe ɗaya ƙofar, Outi ta shigo ta zauna a kujerar da ba mai zama. Muna ta kallon barewa mai ido ɗaya.

"Kin zo karɓar makulli ne? Ki bari a gama tukuna."

"Mama, yatsu biyu ne, ko?"

Na juyo na dube ta.

"Ni ma haka ya yi mini," ta ce. "A wannan tafkin, ina shekara goma sha takwas. Kin manta? Kina gida kina ta faɗa wai zai nutsar miki da 'ya."

"Kina jin su har yanzu?"

"A'a. Na daɗe da dainawa, tun yana da rai ma, da na sayi motar zamani. Lokacin ban damu ba. Bayan jana'iza ne na neme su na rasa." Ta share hanci da bayan safar hannu. "Ni ba gidan nake so in raba ki da shi ba. Ranar da Heikkinen ya kira ya ce 'mamanki', kafin ya ƙarasa maganar har na zauna a ƙasa a wurin aiki. Ba zan iya sake jin wannan ba."

Na kama sitiyari na ce, "Ɗaura bel."

Oba-oba ta yi ƙara. "Goggo Raili, fili naki ne. Barewa ta yi wasiyya."

Na sa giya. Talatin, arba'in, hamsin. Robar farko tana matsowa, na ji yatsun sun fara sauka, sai wani hannu ya rufe su. Outi ce ta kama gwiwata da tafin hannunta gaba ɗaya, ta danna ƙasa da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Riƙe, Mama! Riƙe! Kada ki saki!"

Birkin ya yi ta harbin ƙafata, motar tana rawa tana gurnani kamar tsohon injin wanki, ƙafata tana neman tashi, hannun ya hana. Na murɗa sitiyari hagu, motar ta bi. Wallahi ta bi! Muka tsaya cak a gefen barewar, idonta ɗaya yana kallona ta taga.

Outi ba ta ɗauke hannunta ba sai da Jouko ya ƙaraso yana haki ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Madalla. Amma wannan ƙafa ɗaya ce da hannu ɗaya. Outi, sauko. Goggo, sau uku, ke kaɗai."

Na yi sau ukun. A na farko na goge kunnen barewa, Jouko ya ce wannan aski ne ba kisa ba. Na biyu da na uku na tsaya da sauran fili. Duk ukun na saurara da gwiwata, ban ji komai ba sai zafin inda Outi ta matse.

Jouko ya miƙa mini takarda mai sunana, ya dubi Outi ya ce, "Ki bar mata makullinta. Amma baɗi ta dawo, ina so in ga ƙafar nan ba ta koma gidan jiya ba."

"Baɗi ka sa a rage ruwa a miya," na ce.

Ni na tuƙo mu gida, rana tana bakin itatuwa. A lanƙwasar da na faɗa rami na rage gudu, na taka birki sau ɗaya, santsin yana nan, motar ta bi hanya. Gwiwata shiru. Gidana ya tsira, na sani, amma hawaye suka zubo mini har sai da na ce wa Outi iskar hitar mota ce take busar mini da ido. Ba ta ƙaryata ni ba.

Da muka isa ta hura wutar sauna, ɗakinmu na wankan tururi, kamar yadda ubanta yake yi, ɓawon itace a ƙasa, ƙirare a sama. Muna zaune cikin tururi ta dubi ƙafata ta ce, "Wayyo, Mama, ni na yi miki wannan?" Shatin yatsunta biyar ne a gwiwata, sun yi shuɗi.

"Bar shi," na ce. "Kada ki shafa masa komai."

Washegari ta koma Oulu da hotunanta a jaka. Na rataye makulli a ƙusar da Tauno ya kafa a bakin ƙofa. Shatin ya yi kwana tara kafin ya ɓace, kuma kowace safiya sai na duba shi kafin in sa safa.