Rabin Hanta ga Mai Aski

Duk dangin mai aski babu wanda ya kai yayansa kyautar baki. Lasifika ake ce masa a bayan idonsa, domin ko gaisuwa zai yi sai maƙwabta sun amsa. Ranar da likitoci suka ce sai an yi wa ƙaninsa dashen hanta, shi ya fara miƙewa a barandar asibiti, ya daki ƙirji, ya ce, "Rabi kuke so? Ku ɗebe duka! Ciki ɗaya muka fito!" Matar mai aski tana zaune a benci da filas a cinya, ta dube shi ta taɓe baki. Mutumin da ko cajar waya ba ya ba da aro.

Ciwon ba na jiya ba ne. Tun kafin ta aure shi mai aski yake fama da gyambon babban hanji, gudawa da jini, har shagonsa ma bai zaɓe shi don kasuwa ba, sai don akwai banɗaki a bayansa. Yakan bar mutum da rabin kai a aske ya ruga, ya dawo yana ba da haƙuri, masu zuwa kuma sun saba, har tsokanarsa suke yi. Da magani abin yakan lafa. Daga baya ne ƙaiƙayi ya zo, irin wanda ba ƙurji ba tabo, sai susa da bayan mataji har fata ta yi jini. Masu zuwa aski suka ɗauka ƙazuwa ce, suka koma shagon gaba. Idanunsa suka yi rawaya, wandonsa ya fara zamewa daga ƙugu.

Likitar hanta, wata mace mai ƙarancin magana, ta yi musu bayani. A cikin masu irin wannan ciwon hanji akwai 'yan kaɗan da ƙananan hanyoyin da ruwan matsarmama ke bi daga hanta suke tsukewa su toshe, ruwan ya taru, ya riƙa cin hantar a hankali. Tasa ta kusa ƙarewa. Amma mai rai zai iya ba da wani yanki na tasa, ragowar ta sake girma. A lokacin Lasifika cewa ya yi ciwon shawara ne kawai, a jiƙa masa saiwa, likitoci dai ba sa rabo da neman abin yankawa.

Yanzu kuwa shi ne gwarzo. Ya shiga ɗakin likitar yana naɗe hannun riga, kamar a nan tsaye za a fara aikin. Bayan kwanaki aka ce bai dace ba. Ranar an sha kallo. Ya yi kuka har da majina, ya riƙe ƙarfen gadon ƙaninsa yana cewa kitsen hanta ne ya cuce shi, shi da ya riga ya yi sallama da iyalinsa. Autansu, mai gyaran babur, ya shiga bayansa, shi ma ya fito da amsa iri ɗaya, sai dai shi takalminsa kawai ya tsura wa ido. Matar ta ji haushinsu, amma ta ce jini da nama ba a yi musu dole.

Sai ta ce a gwada ta. Surukarta ta ce, "Ke da yara ƙanana?" Ta ce, "Inna, yaran nan uba ɗaya gare su."

Likitar ta rufe ƙofa, ta zauna ta fuskance ta. "Kafin mu taɓa ki, ki san yadda muke aiki. Duk wanda ya shigo nan, in ya ji ba zai iya ba, ya faɗa mini kawai. Babu wanda zai ji. Za mu ce wa dangi bai dace ba, shi ke nan. Ba ma yanka mutum don yana jin kunyar 'yan'uwansa."

Matar ta dube ta. "Kowa kike faɗa wa haka?"

"Kowa."

"Har waɗanda suka riga ni?"

"Ba na maganar wani da wani," in ji likitar.

Ba sai ta yi ba. Ashe wannan ne kitsen. Matar ta tuna majinar nan da aka share da hannun riga, da yadda surukarta ta riƙa lallashin ƙaton banza tana sa masa albarka, sai ta ji ta raina shi matuƙa. Tsoron wuƙa ba laifi ba ne, ita ma tana jinsa. Abin da ya ƙona mata rai shi ne mutum ya gudu, sannan ya tsaya karɓar jinjina. Ta miƙa hannu ta ce, "Ɗebi jinin. Ni ban zo wasan kwaikwayo ba."

Aka ɗebi jini, aka tura ta cikin na'urar hoto mai ƙara. Jininta ya zo ɗaya da na mijinta. A kwanakin nan ta riƙa wuce Lasifika a baranda ba ta ko rage tafiya, in ya ce, "Ƙanwata, sannu da ƙoƙari," sai ta ce, "Yauwa, Yaya, ya jikin? Ya kitsen?"

Ranar sakamako likitar ta juyo mata da hoton. Hantarta lafiya lau, amma ƙarama ce. In aka ɗebi abin da zai ishe shi, abin da zai rage ba zai riƙe ta ba.

"Na yarda. Ku ɗeba."

"Ni ban yarda ba. Ba zan shiga da mara lafiya ɗaya in fito da gawa biyu ba."

"To ki fito ki gaya musu dalili da bakinki. Ki nuna musu hoton nan."

"Abin da na faɗa a kan kowa shi zan faɗa a kanki: ba ki dace ba. In na yi wa mutum ɗaya ƙarin bayani, na tona asirin sauran. Ke kina iya faɗa musu duk abin da kike so."

Ta fito. Lasifika yana jingine da bango, ya karanci fuskarta, ya matso. Abin mamaki, ashe ya iya magana ƙasa-ƙasa.

"Ke ma likitar ta ba ki ƙofar fita, ko? Kada ki damu, ƙanwata. Tsakaninmu ne."

"Ni hantata ƙarama ce, Yaya. An nuna mini."

"Haka ne," ya ce, yana murmushi. "Wannan ma dalili ne mai kyau."

Da tana da yawu a baki da ta tofa masa. Ta wuce shi ta shiga ɗakin marasa lafiya. Mai aski yana kwance ta gefen taga, ya rame har zoben hannunsa ya koma babban yatsa. Ta zauna a bakin gadon ta fara zuba bayani, girman hanta, hoton, abin da zai rage, tana yi tana haɗa kalmomi. Ya bar ta ta gama. Ya daɗe a asibitin nan, babu abin da bai sani ba na yadda ake aiki a ɗakin can.

Ya kama hannunta ya matse, idanunsa rawaya cike da tausayi.

"Ya isa, maman yara. Ba sai kin wahalar da kanki ba," ya ce. "Kin yi daidai. Da ni ne, ni ma yaran zan zaɓa."