Hayaƙin da Ya Bari

Ya gama kafa kyamarar ke nan a kan falalen dutse, yana jiran rana ta leƙo ta tsakanin tsaunukan nan biyu, sai wani kai mai hular sanyi ya shigo masa cikin hoto.

"Matsa," in ji shi. Bai ko ɗago ido ba.

"Auta, ko gaisuwa babu?"

Mutum biyu ne suka rage a duniya masu kiransa Auta: yayarsa da mijinta. Wannan mijin ne, mai gyaran injin niƙa. Ya hawo yana haki, da silifas a ƙafarsa. Silifas, a kan dutse.

"Na ce ka matsa. Hasken nan minti huɗu yake yi."

Mijin ya ja gefe ya tsuguna. Rana ta fito, ta shafi kan tsaunin dama, ta gangaro. Auta ya danna sau tara. Babu wanda ya yi masa a cikinsu. Daga ƙasa, can bayan gangare, injinan kamfanin fasa dutse sun fara kuka.

"Yau ne zaman," in ji mijin. "Ƙarfe sha biyu."

"Ita ta aiko ka?"

"Ita? Cewa ta yi ko a hanya na gan ka kada in roƙe ka. Da ƙafata na zo, ga ta nan duk ta kumbura."

Auta ya san zancen. Kamfanin ya samu izinin cin gangaren gabas. Duk wanda gidansa ya riga kamfanin zuwa, za a ba shi wani fili a gina masa. Wanda ya zo daga baya kuwa, katafila ce rabonsa. Gidan Yaya shi kaɗai yake can sama, a tsohuwar gonar surukinta, ba takarda, ba maƙwabci. Shekararsa tara. Kamfanin shekara shida. Amma makon jiya, a gaban kwamiti, lauyan kamfani ya sa an shigo da wani ƙaton hoto da ke rataye a ofishinsu. Gangaren gabas ne, an ɗauke shi shekara takwas da suka wuce, kwanan watan na rubuce a ƙasa. Ciyawa, duwatsu, haske. Babu gida.

Auta ne ya ɗauki hoton, daga kan wannan falalen. Shi ya ciyo masa lambar yabo a ƙasar da ya yi karatu. Kwana uku ya yi a gaban kwamfuta yana kankare gidan: rufin kwanon, shuɗin tankin roba, igiyar shanya da zanin gado mai furanni. Ya ɗebo ciyawa daga wani gefe ya shuka a wurin. Aiki ne mai tsabta, har yau yana alfahari da shi, sai dai ba shi da wanda zai gaya wa.

"Kana da na asalin ko?" in ji mijin.

"Ba na yar da komai."

"Ban da gidan mutane."

Auta ya naɗe ƙafafun kyamarar ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa da baƙin mai a farce, shi ne yau yake yi masa baƙar magana.

Sun gangaro a motar Auta. Mijin ya taɓa duk wani maɓalli da hannunsa ya kai, ya ce injin na ƙara wani iri, ya kamata a duba bel. Sun wuce ƙauyen da ke gindin dutse, sun wuce layin tifofin kamfani, suka shiga gari wajen ƙarfe goma.

Ɗakin aikinsa a saman wani kantin magani yake. Bango fari, hotuna goma sha ɗaya a jere, kowanne da fitilarsa. Mijin ya bi su ɗaya bayan ɗaya, hannunsa a baya, kamar mai duba mara lafiya.

"Auta, duk nan babu mutum ko ɗaya? Annoba aka yi?"

"Kada ka taɓa komai."

"Ko akuya babu. Kai, Allah ya kyauta."

Auta ya buɗe kwamfuta, ya nemo shekarar, ya nemo watan. Hoton ya fito. Ya manta munin abin. Hasken nan da ya jira mako biyu, layin tsaunin nan da ya sauko a hankali kamar kafaɗar mai barci, sai ga tanki shuɗi a tsakiya kamar ƙurji. Ya daɗe yana kallo. A wata mai zuwa zai buɗe nunin hotunansa a babban zaure, kuma kamfanin nan ne ya ɗauki nauyi. A jikin katin gayyatar akwai maganarsa da jaridu suke so: ba ya ƙara wa dutse komai, ba ya rage masa komai.

"Lah, ga zanin gadonmu!" in ji mijin ta bayan kafaɗarsa. "Har yanzu yana nan, da shi muke rufe injin."

Auta ya buga hoton a babbar takarda. Bai san dalilin da ya sa ya zaɓi takarda mai kyau ba.

Kwamitin na zama ne a wani ɗaki mai fanka ɗaya da kujerun roba. Shugaba dattijo ne, da tabarau a kan hanci da wani a aljihu. Sakatare na rubutu kamar ana biyansa da yawan layi. An jingine ƙaton hoton a bango, kusa da kwandon shara, fitilar ɗakin na zuba masa wani koren haske. Auta ya ji kamar a fuskarsa aka watsa.

Manajan kamfanin ya taso da hannu biyu. "Maigida da kansa! Katin gayyata ya fito, ka gani? Na ce su ƙara girman sunanka." Mutumin da ya taɓa tambayarsa ko za a iya samun hoton da launin da zai dace da labulen ofis.

Yaya na zaune a kujerar ƙarshe, da mayafinta na fita unguwa, jakarta a kan cinya. Ta dubi mijinta, ta dubi takardar da ke naɗe a hannun Auta, ta mayar da idonta kan fanka.

Da aka kira shi, ya warware takardar a kan tebur, ya danne kusurwoyin da wayarsa da mukullin mota.

"Wannan ne na asali. Wancan na gyara shi."

"Ka gyara shi," in ji shugaba. "Wato me ka yi?"

"Na cire gidan."

"Don me?"

"Ya ɓata hoton."

Sakatare ya rubuta. Wani a baya ya yi tsaki. Manajan ya daina murmushi a hankali, kamar fanka in an ɗauke wuta.

Lauyan ya miƙe. Yaro ne matashi mai gyararren gemu, irin waɗanda suke jin daɗin muryarsu. Ya ciro katin gayyatar daga cikin fayil, ya karanta maganar da ke jiki, a hankali, sau biyu.

"Maganarka ce?"

"Tawa ce."

"Ashe ƙarya ce."

"A wannan hoton, e."

"Madalla. Ranka ya daɗe, ga mutum ya faɗa da bakinsa cewa hannunsa na iya ɗauke gida sukutum daga kan dutse, ba wanda ya gane, shekara takwas. To ni tambayata ɗaya ce. Hannun da ya cire gida, me zai hana shi dasa gida? Jiya da daddare ma yana iya yi. Matar nan yayarsa ce, ciki ɗaya."

"Akwai kwanan wata a cikin fayil ɗin hoton da ke kwamfuta," in ji Auta.

"Wanda kai kaɗai ke riƙe da shi. Kwanan wata ya fi gida wuyar gyarawa?"

Bai fi ba. Auta ya sani, lauyan ma ya san ya sani. Shugaba ya cire tabarau ɗaya ya sa ɗayan, ya dubi hoton tebur, ya dubi na bango, ya yi ajiyar zuciya irin ta mai son tashi cin abinci.

"Gaskiya hujjar nan ta raunana," in ji shi. "Nasu hoton ya shekara da shekaru a bango kowa na gani. Naka yau ya fito."

Sai kujerar roba ta yi ƙara. Yaya ta tashi, ta ajiye jakarta, ta taka har gaban ƙaton hoton. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta ɗora yatsa a kan gilashin. Auta ya yamutsa fuska. Gilashin nan ba a taɓa shi da hannu.

"Ɗana," ta ce wa lauyan, "wannan farin abin mene ne?"

Lauyan ya sunkuya ya karanta ɗan allon ƙarfen da ke ƙasa. "Sunan hoton ke nan, Baba. Hazon Asuba."

"Hazo." Ta gyaɗa kai. "Shekarata tara a kan dutsen nan. Hazo kwanciya yake yi, ya rufe kwari kamar bargo. Ban taɓa ganin hazon da ya tashi tsaye daga wuri ɗaya ba, siriri kamar igiya. Kai ka taɓa gani?"

"Baba, ni ba masanin yanayi ba ne."

"Ai na ga alama."

Shugaba ya juyo. "Mai hoto, mene ne wannan?"

Auta ya dubi farin zaren nan da ya tashi daga gefen hagu, ya lanƙwasa, ya kama hasken rana a samansa. Shi ne ran hoton. In babu shi, gefen hagu gawa ne. Alƙalan gasa biyar a waccan ƙasar sun rubuta shafi guda a kansa, ɗayansu har ya kira shi numfashin dutse. Jakai masu digiri.

"Hayaƙi ne," in ji shi.

"Wani manomi ya ƙona ciyawa," in ji lauyan da sauri. "Ko mafarauci. Hayaƙi ba gida ba ne."

A nan Auta zai iya yin shiru. Ya faɗi gaskiya, ba ta yi aiki ba, ba laifinsa ba ne. Abin da ya rage kuma ba zancen ƙarya ba ne. Zancen aiki ne. Wuri ɗaya tak a cikin hoton nan da hannunsa ya gaza, wanda ya shekara da shekaru yana kauce wa kallo duk lokacin da ya shiga ofishin kamfanin.

Ya ciro gilashin ƙara girma daga jakarsa, ya miƙa wa shugaba.

"Ranka ya daɗe, dubi gindin hayaƙin. Bai taɓa ƙasa ba. Daga sama ya fara, tsayin mutum da rabi. Kuma a yanke yake, a karkace." Ya ɗauko hoton tebur ya riƙe a gefen na bango. "Ga layin rufin kicin. Karkatar ɗaya ce. Na cire rufin, na kasa haɗa hayaƙin da ciyawa. In na ja shi ƙasa sai ya mutu. Sai na bar shi."

Dattijon ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. Ya duba nan, ya duba can, ya sake dubawa. Ya kira sakatare, shi ma ya duba. Mijin Yaya ya zo zai karɓi gilashin, aka hana shi.

"Wutar manomi a ƙasa take ci," in ji shugaba yana miƙewa. "Wannan a iska take tsaye. Lauya, hoton nan naku ne, ku kuka kawo shi. Ko shi ma jiya da daddare aka gyara?"

Lauyan ya buɗe fayil, ya rufe.

"Sakatare, sa sunanta a cikin waɗanda suka riga kamfanin zuwa."

Manajan ya fita ta gaban Auta, ya bar katin gayyatar a kan kujera.

A waje rana ta take. Mijin yana ta ba wani mai gadi labari, yana nuna tsayin mutum da rabi da hannunsa. Yaya na gyara mayafi a bakin ƙofa.

"Yaya, ku zo in kai ku."

"Akwai bas."

"Bas ɗin ba ya hawa sama."

"Ƙafa na hawa." Ta rataya jakarta. Sai yanzu ta dube shi sosai, daga takalman hawan dutsen har zuwa hular. "Na tuna wutar nan, Auta. A gidana ka kwana. Ka fita tun da duhu, ka ce in ka dawo kana son ruwan wanka mai zafi, don na tankin ya yi maka sanyi. An yi ruwa, itacen a jiƙe yake. Na yi ta hurawa har idona ya yi ja."

Ta gyara zaman jakar a kafaɗarta.

"Duk abin da ke gidan nan, hayaƙin kaɗai ya yi maka kyau." Ta juya. "Malam, taho, kada mu rasa wuri."

Mijin ya daki kafaɗarsa. "A duba bel ɗin nan fa." Suka tsallaka titi, ita a gaba, shi a baya yana jan silifas.

Ma'aikatan kamfani biyu suka fito ɗauke da ƙaton hoton, suka jingine shi a jikin motarsu suna neman igiya. A hasken rana ya dawo yadda yake, tsaunin ya sauko a hankali, farin zaren ya kama wuta a sama. A ƙasansa kaɗan, a kan ciyawar da ya shuka, shatin yatsan Yaya ya zauna a jikin gilashi, da maiƙonsa, daidai inda ƙofar kicin take.

Kafin ya ankara, har ya ciro ƙyallen goge gilashi daga aljihu. Yana tsaye riƙe da shi suka ɗaga hoton, suka kifa shi a bayan mota.